Neman shawara: tutar yadi ta ƴan intahaus, fenti zan yi ko ɗinki?

Maman Hanan: Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu ɗinki da masu zane ku taimaka min. Makarantar su Hanan za su yi intahaus, wato gasar wasanni tsakanin rukunonin ɗalibai da ake kira haus, ƙarshen Fabrairu, ita tana yalo haus kuma tana cikin yaran da za su tsaya bakin fili suna waƙa da tafi suna zuga ƴan gudu, shine malamarsu ta ce mu iyaye mu haɗa musu tuta babba ɗaya ta gaban fareti da ƙanana guda shida na ɗagawa a hannu. Wasu sun ce a kai a buga a leda kawai a huta, ni kuma wallahi ta yadi nake so, yaran su sa hannunsu a ciki, in an gama a ninke a ajiye baɗi a ɗauko. Ina da keke amma miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Wane yadi zan siya, kuma rubutun da fenti ake yi ko ɗinkawa?

Anty Mai Ɗinki: Wa alaikumus salam Maman Hanan. Ki shiga Kantin Kwari ki ce a ba ki yadin auduga mai ɗan kauri irin wanda ake yunifom, kar ƙyallin satin ya ja ki, santsi gare shi, wajen yanka yana zillewa kuma fenti na bin zare ya bazu. Babbar ki sai yadi 3 na mai faɗin inci 45, yara biyu za su riƙe ba wahala. Kafin ki sa almakashi ki wanke shi ya bushe ki goge, sabon yadi akwai sitaci a jikinsa mai hana fenti kamawa, kuma in zai tsuke gara ya tsuke tun yanzu. Ni babbar ɗinkawa zan ce ki yi. Ki zana haruffan a kwali ki yanke, ki manna wa baƙin yadi gam ɗin da muke sa wa wuyan riga da dutsen guga, sannan ki kifa harafin a bayan yadin ki zagaye da alli, a juye fa, in kin birkito shi zai fito daidai. Gam ɗin zai hana bakin zarewa, dan haka kekenki ma ya isa, ki bi gefe-gefe a hankali kawai.

Ummu Sultan: Ni abu ɗaya zan ƙara, tunda yalo ce kar ki sa farin rubutu, in rana ta haska ba mai ganin komai. Baƙi ko shuɗi mai duhu. Ja kuma ki jiƙa ƙyallensa a ruwa tukuna ki ga ko yana zuba.

Malam Mai Zanen Allo: Hajiya ƙananan ki yi su da fenti, ɗinka guda shida zai cinye miki lokaci. Amma ban da fentin gini, na mai yana sandarar da yadi ya bar shatin maiƙo kewaye da harafi, na ruwa kuma yana tsattsagewa in an ninke. Ki nemi fentin yadi wajen masu buga rubutu a riguna. Ki huda haruffan a kwali mai ƙarfi da reza, mu tsohon hoton ƙashi na asibiti muke amfani da shi saboda baya jiƙewa, ki shimfiɗa jarida ƙarƙashin yadin, ki dangwalo fenti kaɗan da guntun soso ki riƙa dannawa sama-sama, kar a goga, gogawa ce ke tura fenti ƙarƙashin kwalin. Wannan ɓangaren yara za su iya. Ya kwana ya bushe, washegari ki goge ta baya da dutsen guga mai zafi shine zai zauna ko an wanke. Girman harafi mu lissafinmu inci 1 ga kowane ƙafa 10 na nisan mai karatu, to wanda ke tsallaken fili sai harafi ya kai inci 10 ko 12. Kalma biyu ko uku ta isa. Ki ninke yadin biyu ki samu tsakiya, daga harafin tsakiya ake fara jerawa zuwa gefe.

Maman Hanan: Kai masha Allah, na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To mariƙin fa? Katako nake tunani.

Malama Ta Firamare: Maman Hanan katako ya yi wa yara nauyi kuma yana da sartse, ga shi in suka shiga murna wani sai ya maka wa wani. Ki sai siririn fayif ɗin roba na wayarin a shagon kayan wuta, ki lanƙwasa bakin yadin inci 2 ki ɗinke kamar gidan mazugi ki zura shi, saman ki rufe da ɗinki kar ya zame. Sannan ki tuna lokacin iskar hunturu ce, na sha ganin tuta ta cika da iska tana jan yara baya ana tsakiyar fareti, dan haka ki ɗan yanka ƴan ƙofofi kamar jinjirin wata guda huɗu ko biyar tsakanin haruffa iska ta riƙa wucewa.

Maman Hanan: In sha Allah Asabar zan shiga kasuwa. Anty baƙin yadin haruffan nawa zan siya?

Anty Mai Ɗinki: Yadi 1 ya ishe ki har ki yi wa gefen ado da ragowar. Ki fara jera haruffan da fil ki rataye a bango, ki ja baya ƙarshen tsakar gida ki karanta, in ya fito sai ki hau keke.