Musayar waƙa: elektiron mai nauyi, wa zai ɗauka?

Mushe_Fizik: Salama ƴan'uwa, ga nawa.
Seriyom da aluminiyom aka gauraya,
A 1975 aka kai shi sanyin ƙarshen duniya,
Elektiron ya yi nauyi kusan ninki dubu ɗaya,
Wanda bai san dalili ba shi koma baya.

Ɗan Tibiri:
Mushe, ƙurar alli ta sa ka zaci kai ɗai ka sani,
Jun Kondo tun 1964 ya shimhiɗa bayani,
Elektiron 4f na seriyom na zaune da maganaɗisunsa ba ya bin wani,
Masu yawo su lulluɓe shi, tahiya ta koma ta amalanken gyaɗa cikin rairayin rani.

Hajiya Mokoyo: Kai madalla, Gobir ta yi magana!

Bakatsine: Hajiya wace madalla, layin ƙarshen nan ya hi sauran tsawo nesa ba kusa ba, kari ya karye tun tsakiya amma don ɗan garinku ne kin rufe kunne.

Mushe_Fizik:
Ɗan Tibiri ka riƙe Kondo ka mance abokin gaba,
RKKY, hulɗar maganaɗisu da juna, na son su jeru, ɗaya sama ɗaya ƙasa ba saɓa,
Doniach a 1977 ya zana yadda suke raba,
Inda ƙarhinsu ya zo ɗaya, nan abin mamaki ke ɓullowa, je ka duba.

Hajiya Mokoyo: Ku ba ni wuri ƙannena.
An ce maganaɗisu da wuta marar turjiya ba su zama,
Steglich na Jamus a 1979 ya ce ku dakata jama'a,
A CeCu2Si2, wani haɗin seriyom, a sanyin ƙasa da digiri ɗaya na Kelbin wuta ta wuce ba gardama,
Kun cika baki kun bar babban labarin a ƙasa, ni na ɗaga shi sama.

Bakatsine: jama'a da zama ba su amsa juna Hajiya.

Na Arlit: Na makara, rezo ne.
UPt3 da UBe13 ku sa su a layi,
Yuraniyom na ƙasarmu ma ya iya nauyi.

Ɗan Tibiri: Baiti biyu kacal? Kuma yuraniyom 5f ne, dangin aktinid, mu kan masu 4f irin seriyom da itarbiyom muke.

Bakatsine: Biyun nan nasa sun hi huɗunka daidaito wallahi, rera su da baki ka ji. Mushe kai ne babba, raba mu, layin amalanken nan ya hau kari ko bai hau ba?