Muhawara: Koyon buɗe kwaɗo ba da makullinsa ba, wasa ne ko makarantar ɓarayi?

Hajiya Mai Atamfa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan a kan bakana: duk wanda ya zauna yana koyon buɗe kwaɗo ba da makullinsa ba, sata yake koya, ko ya sani ko bai sani ba. Jiya Auta ya turo mana bidiyo yana tsokanar kwaɗo da wasu 'yan ƙarafa biyu har ya buɗe, wai wasa ne, wai Turawa har gasa suke yi. Mu da muke garƙame shago da magariba mu tafi gida hankali a rabe, ba mu ga abin wasa a nan ba.

Auta: Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Kwaɗon nawa ne, da kuɗina na saya, kuma ba a ƙofar kowa yake ba. Masu wannan wasa suna da ƙa'ida biyu da ake fara gaya wa duk sabon shiga. Ta farko, ba ka taɓa kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi. Ta biyu, ko naka ne, muddin shi ka dogara da shi wajen rufe wani abu, ba ka taɓa shi, don kana iya lalata shi ka kwana a waje. Kuma ba a ɓoye ake yi ba. A Jamus suna da ƙungiya tun 1997, a Holan akwai wata ƙungiyar mai suna TOOOL, a babban taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON da ake yi duk shekara a Las Vegas ta Amurka kuwa, tebura ake jerawa ana koya wa duk wanda ya zo.

Hajiya Mai Atamfa: Duk wanda ya zo! Ka ji ka da bakinka. A ƙofa suna duba zuciyar mutum ne kafin ya zauna?

Baba Mai Makulli: Hajiya, bari in sa baki, tunda yankan makulli da gyaran kuba shi ne abincina tun ina saurayi. Idan aka shiga shagon mutum, da sassafe wurina yake zuwa neman sabon kwaɗo, kuma yakan zo da tsohon a hannu. Abin da nake gani shi ne an datse shi da almakashin ƙarfe, ko an sa rodi an ɓanɓare marataya har da ƙusoshinta, ko kuma kwaɗon yana nan lafiya lau, ta rufin kwano aka shiga ko aka haƙa bango ta baya. Ɓarawo mutum ne mai sauri. Ba zai durƙusa a bakin ƙofarki cikin duhu yana lallashin kwaɗo, mai gadi na kai-komo, alhali da guduma zai gama a bugu biyu.

Abin da yaron nan yake yi kuwa ba tsafi ba ne. A cikin yawancin kwaɗunanmu akwai ɗan bututu da makulli ke shiga ya murɗa. A saman bututun an huda ramuka huɗu ko biyar, kowane rami da 'yan ƙusoshi biyu a ciki, ɗaya kan ɗaya, sifirin na danne su. Su ne suke tokare bututun. Haƙoran makulli aikinsu su ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwado, yadda mahaɗar ta sama da ta ƙasa za ta zo daidai bakin bututun, sai ya juya. To babu injin da ke huda ramukan nan a kan layi ɗaya cif. Saboda haka in ka sa ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ka murɗa bututun a hankali, ƙusa ɗaya ce za ta fara maƙalewa. Ka ɗaga ta da ƙugiya, za ka ji ɗan ƙas a yatsa, bututun ya motsa kamar bai motsa ba, sai wata ta maƙale. Haka har a gama. A faɗe da sauƙi, amma hannu ne ke koyo ba kunne ba, kuma mai murɗawa da ƙarfi ko kwana zai yi ba zai buɗe ba. Masu tsada kuma ana sa musu ƙusoshi masu siririn ƙugu ko masu zarto-zarto, waɗanda ke yaudararka ka ɗauka ka gama alhali ba ka fara ba.

Injiniya: Baba ya gama magana ta fuskar aiki. In ƙara da cewa wannan tsari da ya bayyana, Linus Yale ƙarami ne ya yi masa rajista a Amurka a 1861, ke nan ya haura shekara 160 a bainar jama'a, ba sirrin kowa ba ne. Gardamar da muke yi ma ta girme shi. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Bramah, ya kafa wata kuba a tagar shagonsa a Landan tun 1790, da alkawarin kuɗin da ya kai fam 210 ga duk wanda ya buɗe ta. Ta yi shekara sittin ba wanda ya iya. Sai a 1851, lokacin babban baje kolin Landan, wani Ba'amurke mai tallan makullai, Alfred Hobbs, ya zauna mata awa 51 cikin kwana 16 ya buɗe. Kafin nan ya buɗe ta kamfanin Chubb, wadda bankuna ke tinƙaho da ita, cikin ƙasa da rabin awa.

Hajiya Mai Atamfa: To madalla, ya yi wa ɓarayin Ingila karatu kyauta.

Injiniya: Wallahi Hajiya abin da aka ce masa ke nan a lokacin. Amsar da ya bayar ita ce ɓarayi sun riga kowa sanin raunin makullai, suna koya wa juna tun kafin masu ƙera su su fara tattaunawa, wanda bai sani ba shi ne mai dukiyar da ya saya ya kwanta barci. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne kamfanoni suka koma suka gyara kayansu. Ga na kusa: a 2004 aka watsa bidiyo a intanet ana buɗe makullin keke na kamfanin Kryptonite da gangar biro, na rubutu ɗin nan. An san da raunin shekaru kafin nan, ba a yi komai ba. Da jama'a suka gani da idonsu, sai ga kamfanin yana canza wa mutane kyauta. Da an yi shiru, wa ya ci riba?

Akawu: Ni a kan kwaɗo na bi bayan Baba. Inda na tsaya shi ne sef, wato akwatin ƙarfen ajiyar kuɗi mai buɗewa da lamba, tunda na ga Auta ya ce nan ya dosa. Hujjarku ita ce ɓarawo na sauri ne. To buɗe sef ta hanyar lalubo lambobinsa yana son lokaci, da shiru, da damar zama gaban sef ɗin ba mai tambaya. Wa ke da waɗannan ukun? Ba ɓarawon dare ba ne, ɗan gida ne: ma'aikaci, mai shara, ƙanen mai gida. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuma, ba ya barin alama. In an fasa sef da injin walda kowa ya san daga waje aka zo. In aka wayi gari yana rufe lafiya, kuɗi babu, wa za a kama? Ni da nake riƙe da lambar. Kwaɗon Hajiya ma haka ne, in aka buɗe aka mayar, yaron shagonta ne zai kwana a caji ofis.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya yi maka albarka Akawu. Abin da ke cikina ke nan na kasa faɗa.

Injiniya: Wannan magana ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Amma a duba wahalar aikin. Bayan dayal, wato ɗan da'irar nan mai lambobi da kake murzawa a ƙofar sef, akwai faifai uku a jere, kowane da tsaga guda. Sai tsagogin uku sun hau layi ɗaya wani ɗan ƙarfe zai faɗa ciki a ja sakata. Mai lalube ba kunne yake kasawa kamar a fim ba. Yana murza dayal ne zuwa wani wuri da ake jin ɗan tokari, ya karanta inda ya tsaya har zuwa ɗan ɓangare na lamba ɗaya, ya rubuta, ya matsa gaba kaɗan ya sake, har ya zagaye, sannan ya zana jadawali ya nemi inda layin ya lotsa. Faifai ɗaya ke nan, saura biyu. Ɗan koyo na iya shafe watanni a kan kubar gwaji da ke ɗaure a tebur, ya cire murfin bayanta yana leƙawa. Akwai kuma ajin kubobin da a Amurka ba a ba su shaida sai sun jure awa 20 a hannun gwani.

Ɗan gidan da kake tsoro yana da hanya mafi sauƙi. Richard Feynman, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel a 1965, lokacin da suke aikin bam ɗin nukiliya a Los Alamos ta Amurka ya yi suna da buɗe akwatunan takardun sirri. Ya lura ko ka kauce da lamba biyu kubar na karɓa, don haka lambobi miliyan ɗaya sun koma kamar 8,000. Sauran aikin halin mutane ne: wani ranar haihuwa yake sawa, wani ya rubuta a gefen durowa, wasu ma ba su taɓa canza lambar da sef ɗin ya zo da ita daga kamfani ba, irin 25-0-25 ko 50-25-50. Akawu, tsakaninka da Allah, yaushe rabon da a canza lambar ofishinku bayan wani ya bar aiki?

Akawu: Wannan tambaya ta manaja ce, ba tawa ba. Kuma ba ta goge abin da na faɗa ba. Raunin mutane dabam, ƙara musu dabara dabam.

Auta: Allah ya gafarta Malam, kuna karantawa kun yi shiru.

Malam: Ina sauraro ne. Ba fatawa zan bayar ba, tunatarwa ce. Ilimin kansa halal ne, in ba haka ba da sana'ar Baba ta haramta, kuma wanda makullinsa ya faɗa masai ko magadan da uba ya rasu da lambar sef a kansa ba su da mai taimako. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun ƙarfafa toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna. Shi ya sa suka hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi, ba don inabi haram ne ba. Saboda haka Auta, koyonka abu ɗaya ne, wanda za ka koya wa kuma abu ne dabam, kuma bidiyon da ka saki ba kai ke zaɓar mai kallonsa ba. Na biyu, nisantar wurin zargi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana raka matarsa Safiyya da dare ya ga mutum biyu daga Ansar sun ƙara sauri, ya tsayar da su ya ce musu Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Bukhari da Muslim sun ruwaito. In shi ya kiyaye wannan, ina ga ni da kai?

Lauya: Ƙarshen maganar Malam ita ce tawa. Ƙasashe ma ba su haɗu a kan abu ɗaya ba. Japan ta yi doka a 2003 da ta hana riƙe kayan buɗe makulli ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, bayan irin wannan satar ta yi yawa a can, wanda ke nuna cewa ba a ko'ina ɓarawo ke zaɓar guduma ba, Baba. A Ingila kuwa mallakarsu ba laifi ba ne, dokar sata ta 1968 tana kama wanda ya fita da su daga gida da nufin sata ne. Amma Auta, kai ba alƙali ya kamata ka fara tunani ba. In 'yan sintiri suka lalube ka ƙarfe ɗaya na dare suka sami ƙugiyoyin nan a aljihunka, kafin ka gama cewa TOOOL wani ya yi ihun ɓarawo. Kuma daga yau duk abin da ya ɓata a layinku, kai za a fara kallo. Ka bar su a ɗaka.

Baba Mai Makulli: Lauya, na karɓi ta Japan, ni abin da ke zuwa teburina na faɗa. Auta, in da gaske kake, ka riƙa zuwa rumfata ranar Asabar. Akwai buhun tsofaffin kwaɗuna da ba mai nema, ga magagari, ga ƙarfen waifar mota da ake feƙe ƙugiya da shi, ba sai ka yi odar komai daga waje ba. Jama'a su gan ka a gefena, su san kai yarona ne. Nan da shekara kana cin abinci da shi.

Auta: Na gode Baba, zan zo in sha Allahu. Amma gaskiya ba sana'a nake nema ba, ina da aikina. Ni daɗin abin nake ji, lokacin da bututun nan ya saki a hannuna.

Hajiya Mai Atamfa: To ka ga inda muka rabu. Da ka ce sana'a za ka yi, da ni zan saya maka tebur. Mutum ya iya buɗe ƙofar kowa, ba don abinci ba, don daɗi kawai, wannan ne kaina ya kasa ɗauka. Ka je wurin Baba, amma yaran shagona biyu kada in ji ka nuna musu ko yadda ake riƙe ƙarfen. Baba, gobe da safe zan aiko a karɓo mini irin mai siririn ƙugun da ka ce, guda uku, ka faɗa mini kuɗinsu ta waya.