Wai me aka canza a ƙudurin harajin nan har gwamnoninmu suka sauko?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a. Don Allah masu bin harkar majalisa ku fitar da ni daga duhu. A watan Oktoban 2024 da Tinubu ya aika ƙudurorin haraji guda huɗu majalisa, gwamnonin Arewa da sarakuna sun zauna a Kaduna suka ce ba su yarda ba, Zulum ya yi ta hira yana cewa za a kassara Arewa, Ndume ma haka, malamai har a huɗuba. Sai ga shi a Yunin 2025 an sa hannu kuma ban ji wani ya ɗaga murya ba. Wani abu aka gyara a ciki ne ko dai an sasanta ne ta bayan fage mu aka bar mu da ciwon baki?

Malam Na Zariya:
Wa alaikumus salam. An gyara, kuma babban rikicin a kan rabon kuɗin VAT ne, wato harajin da mai saye ke biya a kan kaya da hidima. A tsohon tsari abin da jihohi ke samu ana raba kashi 50 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, 20 bisa inda kuɗin ya fito, wato abin da dokar ta kira derivation. Sabon ƙuduri sai ya ce wannan na ƙarshen ya koma kashi 60. To ka san yadda ake tara VAT a ƙasar nan a wancan lokacin, kai kana Kurna ka sa kati a waya ka biya harajinka, amma kamfanin hedkwatarsa na Legas, can zai kai kuɗin kuma a rubuta Legas ce ta kawo, haka bankuna haka kamfanonin siminti da lemo, saboda haka duk gwamnan da ya ga 60 a gaban wannan kalma lissafin da zai yi kenan, Legas da Ribas sun kwashe.

Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin da ya tsara ƙudurin, ya yi ta bayani cewa ba haka suke nufi ba, su nufinsu inda aka sha kayan, ma'ana katin da aka sa a Kano a lissafa wa Kano. Amma sashe na 77 na ƙudurin gudanar da haraji da ya yi maganar rabon bai faɗi hakan ƙarara ba, sai ka koma wani sashe daban can kan yadda kamfanoni za su riƙa cike bayanansu kafin ka haɗa. Kuma kalmar ba sabuwa ba ce a kunnenmu, ita ce ta kashi 13 da jihohin mai ke karɓa a tsarin mulkin 1999. A ƙarshe aka rubuta shi a fili, 50 daidai, 20 yawan jama'a, 30 inda aka yi amfani da kaya.

Sarkin Gardama:
Malam da girmanka amma ni ban yarda kalma ce ba. Lamba ce kawai. Daga 60 aka dawo 30 a zaman gwamnoni na Janairun 2025, kuma aka bar VAT ɗin a 7.5 ba a ƙara ba. Ko da wane suna aka kira shi in dai 60 ne wlh ba za su yarda ba, sun san cinikin da ake yi a Legas ya fi na jihohinsu nesa ba kusa ba.

Malam Na Zariya:
Ban musa maka ba, lambar ta yi aiki. Amma ka tuna watannin nan me aka riƙa jayayya a kai a rediyo? Ba a zauna an ce nawa Kano ke sha nawa Yobe ke sha ba, wanda shi ne lissafin da ya kamata a yi. Gardamar duk ta tsaya a kan me suke nufi, wannan ya ce hedkwata wancan ya ce a'a. Kuma alƙali in an je kotu abin da ke rubuce zai duba, ba hirar da Oyedele ya yi a talabijin ba, to gwamnonin suna da hujjar ƙin yarda da bayanin baki.

Maman Ilham:
Ni abin da ya tuna min shi ne ƙudurin mata na Sanata Biodun Olujimi. A 2016 majalisar dattawa ta yi watsi da shi, ta sake kawowa a Disambar 2021, Sanata Yusuf Yusuf na Taraba da Wamakko suka ce matsalarsu maganar daidaita mace da namiji, in adalci ne sun yarda amma daidaito ya ci karo da addini. Aka jingine shi. Alhali a ciki akwai maganar karatun 'ya mace da haƙƙin matar da mijinta ya rasu, wanda ba na jin akwai malamin da zai ƙi, sai dai duk an tafi da su saboda kan takardar. Ni a ganina masu rubutawa ma suna da laifi, ka san inda za ka kai abu kuma ka san abin da kunnensu ba ya so, me zai hana ka zauna da su tun farko.

Sarkin Gardama:
Hajiya ai ba suna kaɗai ba ne, akwai batun gado a na 2016 ɗin, shi ya tayar da ƙura. Ko an canza kan takarda in wannan sashen na nan haka za a yi.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, yanzu na gane. Amma Malam saura tambaya ɗaya, wa zai tabbatar kamfanin ya rubuta Kano a katin da na sa a Kano? Hukumar haraji ce za ta bi ko jiha ce za ta sa ido da kanta?