Neman shawara: In sayar da filin marayu don Turkiyya, ko ta zauna jami'ar Damagaram?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin mijina cikin zauren nan.

Ni uwa ce, a Garin Malam nake zaune, maigidana ya rasu shekara 6 ke nan. Ɗiyata ta fari ta ci BAC D, jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren kimiyya, bana da maki 13 da ɗoriya bisa 20. Tun tana firamare ba ta da zance sai likita. Ranar da sakamako ya fito na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, amma tun daga daren nan barci ya ƙaurace mini.

Wani mutum da ƙawata ta haɗa ni da shi ya zo har gida da jakar takardu. Ya ce yana da hanyar bursin Turkiyya, karatun likita, ci da kwana duk kyauta, watan Oktoba ta tashi. Sai dai kuɗin dosiye da biza da "na manya" jikka 800 ne, a ba da rabi kafin ƙarshen wata. Ya nuna mini hotunan yara a filin jirgi cikin wayarsa. Ni kuwa abin da na mallaka keken ɗinki ne, sai fili guda a hanyar Mirriya da mahaifinsu ya bari, na su huɗu ne. Baffanta ya ce ɗiya mace ba inda za ta, ta zauna nan ko a ɗaura mata aure. Ita kuma ta kafe, in ba waje ba to Yamai, don can ƙawayenta suka nufa. Ban yi lakol mai nisa ba, kaina ya ɗaure. Ku faɗa mini gaskiya tsakani da Allah.

Mushe mai ritaya, Birni:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a karatun yarinya. Kada ki ba mutumin nan ko dala. Bursin gwamnatin Turkiyya gaskiya ce, akwai ta, amma ɗalibi da kansa yake cika ta a intanet, ba a biyan ko sisi, kuma tsakanin Janairu da Fabrairu ake buɗe ta. Yanzu damina muke ciki, ƙofar bana ta daɗe da rufewa. Sannan ga mai neman likitanci maki 90 cikin 100 suke tambaya. Ki auna wannan da 13 bisa 20 da kanki. Wanda ma suka ɗauka, in bai iya Turkanci ba, sai ya yi shekara guda yana koyo kafin ya shiga aji. To ta ina shi zai biyo da ita a Oktoba?

Bursin ƙasashen waje da ke zuwa ta hannun gwamnatinmu, irin na Aljeriya da Maroko, sanarwa ake yi a fili, a tara dosiye, a jera maki. Guraben kaɗan ne, masu mansiyo mai ƙarfi, wato maki mai yawa, ke kwashewa. Ta gwada in an buɗe, ba laifi, amma kada ku jingina da ita. Abin da ke hannu shi ne ta nemi gurbi a jami'a nan gida, ta kuma kai dosiyen bursi na ANAB, hukumar bursi ta ƙasa, kan lokaci. Ana duba maki, ana duba shekarun haihuwa. Wanda bai samu bursi ba akwai ɗan tallafin da ake ba ɗalibai, shi ma sai an nema. A shekarun da na yi ina koyarwa, yaran da na ga sun rasa saboda sakacin takarda sun fi ba ni haushi, don su ba maki ya kayar da su ba.

Wata uwa daga Karkada:
Ƴar uwa, ni an taɓa ni. Jikka 350 na zuba don ɗana, har fasfo muka yi masa, ya yi sallama da kakarsa. Daga "wata mai zuwa" sai waya a kashe. Hotunan filin jirgin nan ni ma an nuna mini. Zoben zinarina ya tafi ke nan.

Ɗalibar likitanci, shekara ta 4:
Inna, ki ce wa ƙanwata ta daina raina ta gida. Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram tana da tsangayar kimiyyar lafiya, a ciki nake, kuma a babban asibitin garin nan muke koyon aiki. Likita ake fitarwa, ba rabin likita ba. Amma kada in ruɗe ki: shiga likitanci ba tabbas ba ne don ta ci BAC D, ana tacewa, kuma makin lissafi, fizik da SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa) na cikin takardar sakamakonta su za su yi magana. Ta sa zaɓi na biyu wanda ranta zai iya zama da shi, kada ta rubuta abin da ya zo mata baki don cika layi. Ina da ƙawa da ta yi haka, yanzu tana karanta abin da ko sunansa ba ta son ji.

Karatun nan shekara 7 ne zuwa sama. Ni da yamma gidanmu nake komawa, tuwon mamata nake ci, kuɗina na kabu-kabu ne da fotokofi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai wanda ya ɗanɗana ya sani.

Ta fara tara takardu tun yau: takardar haihuwa, ta shaidar ɗan ƙasa, shaidar cin BAC, takardar maki, hotuna. Ta yi kofi da yawa a buga musu hatimi, ta riƙe na asali a gida. Ki sa ta duba sunanta harafi harafi, don in an rubuta shi iri biyu a takardu biyu, sai ta yi ta sintiri.

Ɗalibi a Yamai:
Ni ɗan Zongo ne, ina jami'ar Abdou Moumouni. Babbar jami'a ce, tsohuwa, ba mai musu. Amma kilomita wajen 900 ne, wuni cur a mota. Ɗaki a site, gidan kwanan ɗalibai, ba kowa ke samu ba, haya kuwa a Yamai sai a hankali. Bursi wata uku uku ake biya, kuma ba boyayyen abu ba ne ɗalibai sun sha fitowa kan jinkirinta. Idan ba ku da wanda za ta sauka wurinsa, ki lissafa kamar bursin babu, in ta zo ta zama riba.

Mai zuwa Kano sari:
Me zai hana Kano? Ga jami'ar Bayero nan kusa, ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma sefa tana da daraja a kan naira.

Mushe mai ritaya, Birni:
Alhaji, kai da kaya kake ketare iyaka, ba da difloma ba. Da Faransanci ta yi karatu tun aji ɗaya, can kuwa da Ingilishi za ta zauna aji, ga kuɗin makaranta na baƙo, ga batun amincewa da takardarta in ta dawo. Mai hali yana yi. Ba shawarar mai keken ɗinki ba ce.

Malami daga Sabon Gari:
Kowa yana maganar bursi, an manta da filin. Hajiya, ke da bakinki kika ce na su huɗu ne. Dukiyar marayu ce, ba ki da ikon kashe rabon uku a kan ɗaya, ko da hanyar ta gaskiya ce, balle wannan. Baffan kuma kada a mai da shi abokin gaba. Tsoro ne ke damunsa. Ki samu babba a dangi ku je tare, ki ce kin ji maganarsa, ba za ta bar gari ba, shi kuma ya ajiye zancen aure sai ta so. Kin ga ya samu abin da zai faɗa a zaure.

Wata ƴar BAC ta bana:
To amma ita fa an tambaye ta? Kowa ya yanke, mai karatun tana gefe.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mutumin a gaban ɗiyata, na sa a sifika, na ce ya faɗa mini sunan jami'ar da garin da take, zan sa mushe ya bincika. Sai ya ce ai sirri ne, in ban yarda da shi ba akwai masu jira. Na ce ya ba su. Yarinya ta shige ɗaki tana kuka, ko abincin dare ba ta taɓa ba. Ƴata ta BAC, kin yi gaskiya, da safe na zauna da ita, na ba ta wayar ta karanta duka da kanta. Har yanzu Yamai ce a bakinta, amma ta ɗauko takardunta, kuma mun tarar a ta haihuwa an rubuta sunan mahaifinta da "ou", a ta BAC da "u". Ƴata likita, wannan ina ake fara gyara shi, kuma da ƙarfe nawa ya kamata mu isa?