Sabarmu ta maƙale a PHP 7.4 kuma kowa na taɓa databes da hannu, a ba ni shawara

Ɗan Nima: Salamu alaikum yayyena da ƙannena, don Allah a taimaka, abin nan ya hana ni barci. Mu huɗu ne muke yi wa wata makaranta a nan Akra manhajar karɓar kuɗin makaranta da Laravel 8, wato tsarin gina manhaja da yaren PHP, sabar da suke haya a kan PHP 7.4 take, mai makarantar ya ce ko sidi ɗaya ba zai ƙara ba tunda abu na aiki. Ni a kwamfutata 8.2 nake, na rubuta match a kod, wanda sai daga PHP 8 yake aiki, wurina lafiya lau, muna turawa sabar shafi ya koma fari fat. Sai kuma ranar Litinin ɗan'uwanmu ya shiga phpMyAdmin, shafin da ake taɓa databes kai tsaye, ya canza sunan kolom ɗin lambar waya a teburin iyaye bai gaya wa kowa ba, iyaye sun cika ofis, akawu tana ta kirana muryarta na rawa, rasit ya ƙi fita. Tare muka taso da shi ba na so mu ɓata. Ya za mu yi?

Yaya na Aboabo: Wa alaikumus salam ƙanina, sannu. Fara da na biyun don shi ya fi haɗari. Daga yau duk canjin tebur ya zama fayil na maigireshan (fayil ɗin da ke rubuta canjin tebur a kod) a Git, ma'ajiyar tarihin kod, wani ya duba kafin a haɗa, sannan a gudanar da shi da umarnin php artisan migrate, Laravel da kansa yana rubuta waɗanda suka riga suka gudana a teburin migrations. Wanda ya gudana a sabar kar a sake taɓa shi, a rubuta sabo. Canza suna kuwa ba a yi lokaci ɗaya, ka ƙara sabon kolom, ka kwashe bayanai ka zuba, kod ya koma kansa, bayan sati ka goge tsohon, kuma a ajiye kwafin databes da mysqldump kafin komai. Shi ɗan'uwan naka ka same shi ku biyu, kalmar sirrin sabar ta zauna hannun mutum ɗaya, kai ma ka saki taka don kar ya ji da shi ake.

Hajiya ta Mamobi: Ɗana, PHP 7.4 an daina toshe mata ramukan tsaro tun 28 ga Nuwamba 2022, kuma sunayen yara da lambobin iyayensu kuke riƙe. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta hau kan makarantar, ku rubuta wa mai makarantar a takarda ya gani. Laravel 8 na tafiya a PHP 8.1, amma gada ce kawai, ku haura ku ɗaga Laravel ɗin ma. Leƙa cPanel, shafin sarrafa sabar, tukuna, sau da yawa canjin PHP ɗin ba ya cin ko kwabo.

Ɗan Sabon Zango: Kafin nan kowa ya sauko 7.4 a kwamfutarsa da Docker, manhajar kwaikwayon yanayin sabar, a composer.json, fayil ɗin jerin fakitoci, kuma ku sa platform php 7.4, amma wannan fakitoci kaɗai yake tsarewa, match ɗinka ba zai kama ba sai kun gudanar da php -l, umarnin duba kuskuren rubutun kod, a 7.4 ɗin.

Ɗan Nima: Allah ya saka da alheri. Hajiya, na leƙa, akwai 8.1 a ciki wallahi. Yaya, canjin da ya riga ya yi da hannu fa, in mayar da tsohon sunan tukuna ko in rubuta masa maigireshan a yadda yake? Bayan Isha'i za mu zauna.