Muhawara: Golf GTI ce ta fara, ko dai ita ce kawai ta yi suna?

Bakaniken Golf: Assalamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakana: duk ƙaramar motar nan mai ƙofar but a baya da aka sa wa inji mai zafi, daga Golf GTI ta samo asali. Volkswagen sun nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a 1975, ta shiga kasuwa a 1976. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki 110, nauyinta kilo 810 kacal, tana kaiwa kilomita 182 a awa. Guda 5,000 suka yi niyyar ƙerawa, amma kafin a rufe samfurin farko sun sayar da fiye da 460,000. Wace ce ta yi haka kafin ta?

Ɗan Kakuri: Wa alaikumus salam Oga. Ka haɗa magana biyu wuri guda. Sayarwa daban, farawa daban. A Italiya akwai Autobianchi A112 Abarth tun 1971. A Faransa akwai Simca 1100 TI, ita ma ta riga Golf ɗinka. Renault 5 Alpine kuma shekara ɗaya suka fito da GTI. To ina farawar?

Bakaniken Golf: Malam, buɗe bonet ɗinsu ka gani. Duk ukun kafireto ne. GTI da injekta ta zo, tsarin K-Jetronic na Bosch, shi ne ma harafin I da ke ƙarshen sunanta. Mu da muke kwana cikin baƙin mai mun san bambancin: ka ba ta ki da sanyin asuba ta tashi nan take, ka taka totur ta amsa ba tare da tari ba. A lokacin, a manyan motoci masu tsada aka fi ganin wannan.

Malama Mai Tarihi: Ku bar ni in sa baki, yayyena. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka haife ta. Shugabannin kamfanin ba su ba da umarnin yin ta ba. Wani injiniya ne, Alfons Löwenberg, da shugaban sashen hulɗa da 'yan jarida, Anton Konrad, da wasu ƙalilan suka riƙa aikin a ɓoye, suna kiranta Sport Golf. Ku tuna kuma ba a daɗe da tashin farashin mai na 1973 ba, ba wanda yake son jin zancen motar gudu. Kujerun nan masu zanen dara da kan giya mai kama da ƙwallon golf, mace ce ta tsara su, Gunhild Liljequist. Ni a ganina Ɗan Kakuri ya fi gaskiya kan wadda ta riga, amma waɗancan ba su sa sauran kamfanoni sun tashi tsaye ba. GTI ce ta sa.

Ɗan Kakuri: Na karɓi wannan, Malama. Amma in dai daɗin tuƙi ake magana, Peugeot 205 GTI ta 1984 ta shafe ta. Ta fara da 1.6 mai doki 105, daga baya aka kawo 1.9 mai doki 130. Sitiyarinta kamar yana gaya maka abin da tayoyin gaba suke takawa. Kuma 205 ce ta ci gasar rali ta duniya a 1985 da 1986, ta zo ta ci Paris-Dakar a 1987 a hannun Ari Vatanen, ta ratsa saharar Nijar. Mutanen Agadez sun ga ƙurarta da idonsu.

Direban Hanya: Tsaya Alhaji, a nan kam ba zan bari ta wuce ba. Wadda ta ci Dakar 205 Turbo 16 ce. Injinta a tsakiya yake, bayan direba, kuma tayoyi huɗu ne ke ja. 205 GTI ta kasuwa injinta a gaba, tayoyin gaba ke ja. Kamannin jiki ne ya haɗa su. Sannan a faɗa wa yara gaskiya: 205 GTI in ka shiga kwana da gudu ka ɗaga ƙafa daga totur kwatsam, bayanta zamewa yake yi. Da yawa a Turai a nan suka ƙare da ita cikin rami.

Ɗan Kakuri: Ai wannan halin ne ya sa masu iya tuƙi suke sonta. Tana buƙatar hannu.

Direban Hanya: Tana buƙatar titi mai faɗi da ba kowa a kai. Ni ba zan yabi motar da take hukunta mutum don ya ji tsoro ya sassauta ba.

Bakaniken Golf: Madalla da Direba. Ga kuma batun masoya. Daga 1982 zuwa 2019 masu Golf GTI sun riƙa haɗuwa kowace shekara a bakin tafkin Wörthersee a Ostiriya, har aka sassaƙa mata mutum-mutumi da dutse a garin Reifnitz. Golf ɗin da muke loda wa fasinja da buhuna a tashoshinmu jikokinta ne, shi ya sa in na ga jan layin nan da ya zagaye gaban tsohuwar GTI raina yake motsawa.

Malama Mai Tarihi: Jikokin Golf dai, Oga, ba na GTI ba. Golf ta gama-gari ta fito tun 1974, Giugiaro ɗan Italiya ne ya zana ta, GTI reshe ce daga jikinta.

Bakaniken Golf: To na ji. Amma Malam Ɗan Kakuri, amsa min ɗaya: da Peugeot suka tashi yin tasu bayan shekara takwas, me ya sa suka liƙa mata haruffan GTI, ba su sa mata TI irin na Simca ba, alhali Simca ta riga ta shiga hannunsu tun 1978?

Ɗan Kakuri: Saboda ita ma injekta gare ta. Kuma haruffan ba Volkswagen suka ƙirƙiro su ba, Maserati ta Italiya ta riga su sa GTI a jikin 3500 tun farkon shekarun 1960. Je ka duba, ina nan ina jiran ka.