Da wace manhajar ERP zan koyar? Ɗalibai 94, kwamfuta 18

Malamar_Poly: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a sashen nazarin kasuwanci na wata kwalejin fasaha, zango mai zuwa kuma an ɗora min darasin ERP (manhajar da ke haɗa dukkan sassan kamfani wuri ɗaya) na 'yan HND 2, su 94. So nake su gani da idonsu yadda ciniki ɗaya ke ratsa kamfani: an sayar da kaya, sito ya ragu, bashin kwastoma ya hau littafin akanta, masu sayayya sun ga lokacin sabuwar oda ya yi, ba tare da masinja ya ɗauki takarda ba. Kwamfuta 18 ke aiki a ɗakinmu, intanet kuwa sai a hankali. Shugaban sashe na jiran shawarata ranar Litinin: mu nemi shiga shirin da kamfanin manhajar SAP ya tanada wa jami'o'i, ko in ɗora manhajar Odoo ko ERPNext a kwamfuta ɗaya sauran su jona? Wanda ya taɓa koyo ko koyarwa da ɗayansu ya taimaka.

Abu_Sudais: Wa alaikumus salam. SAP kawai, Malama. Tun 1972 Jamusawa suke wannan harka, kuma shi manyan kamfanoni ke tambaya a intabiyu. Kowane ɗalibi ya buɗe a laftof ɗinsa, shi ke nan.

Malamar_Poly: Malam, masu laftof a ajin ba su kai goma ba.

Akanta_Zariya: Ni na yi kwas ɗin SAP ɓangaren kuɗi a Legas, naira dubu 450, mako shida. Da Global Bike aka koya mana, kamfanin kekuna ne na ƙirƙira da aka tanada don ɗalibai. Akwai kuma ERPsim, wasan da HEC Montréal ta Kanada ta fito da shi, a raba ɗalibai rukuni-rukuni kowa ya tafiyar da kamfaninsa. Amma duk kan intanet suke tafiya.

Ɗan_Kwari: Dubu 450? An yanke ka, wallahi. Ƙanena dubu 70 ya biya a Kaduna, har da satifiket.

Akanta_Zariya: Satifiket na wa? Na SAP ko wanda mai shagon ya buga?

Tsohon_Sito: Malama, Allah ya taimake ki, ki koya musu abin da ba a koya wa waɗanda suka kore ni ba. Shekara 11 ina riƙe da sito a wani kamfanin casar shinkafa. Aka kawo yara biyu masu digiri da manhaja, aka ce daga yau komai a kwamfuta. Ranar da za a fara ba a ƙirga kaya ba, adadin tsohon littafi kawai suka kwafe. Sannan shanshera da danshinta ake sayo ta, idan ta sha iska nauyi ya ragu, wannan ko ɗan dako ya sani. Na faɗa musu, suka ce babu gurbin hakan. Wata uku sai kwamfuta ta ce buhu 63 sun ɓata. Wa ke da makulli? Ni. A gaban leburorin da nake ba umarni aka caje motata. Mai kamfanin da muke sallah sahu ɗaya ya ce, "Malam, kwamfuta ba ta ƙarya." Bayan tafiyata giɓin bai daina fitowa ba, sai a lokacin suka gane. Har yau ba wanda ya kira ni.

Maman_Iman: Innalillahi. Allah ya saka maka, Baba.

Injiniya_Sharaɗa: Baba, gurbin na nan, su ne ba su saita shi ba. Kowace ERP ta kirki tana da wurin rubuta asarar da aka yi wajen sarrafa kaya. Ba kai kaɗai ba ne: a 1999 kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya kunna sabon tsarinsa dab da lokacin kasuwarsa, ya kasa kai odar kusan dala miliyan 100. Malama, Odoo na da sigar Community ta kyauta, ERPNext na Indiyawa ma kyauta ne, dukansu suna aiki a cikin ɗaki ba intanet. Ki raba su: wasu sito, wasu saye, wasu akanta. Ki sa 'yan sito su shigar da adadin ƙarya da gangan, ajin ya bi sawu ya ga inda ta ɓulla.

Ɗan_Kwari: Wace kyauta? Maigidana duk wata yana biyan Odoo da dala.

Injiniya_Sharaɗa: Wannan Enterprise ce, Alhaji. Iri biyu ne.

Abu_Sudais: Injiniya, kai sayar da Odoo kake yi, dole ka yabi hajarka. Tambayar ta malamai ce.

Injiniya_Sharaɗa: Kamfani bakwai na ɗora wa. Kai aji nawa ka taɓa shiga?

Tsohon_Sito: Ku duka biyun ba wanda ya taɓa kwana yana ƙirga buhu.

Ɗan_Kwari: Mu a Kwari ERP ɗinmu Alhaji ne. Sito, bashi, albashi, duk a kansa suke, kuma ba ya jiran NEPA. Matsalarsa ɗaya, idan ya tafi Umara sai tsarin ya tsaya.

Maman_Iman: Hhhh, Allah ya shirye ka. Ni dai ko an koya musu, ina za su taɓa shi? 'Yata ta yi SIWES (horon sanin makamar aiki na ɗalibai) wata huɗu a wani kamfani mai irin wannan manhaja, ko sau ɗaya ba a bar ta ta zauna gaban kwamfuta ba. Fotokwafi da sayo wa oga abinci, shi ne aikin.

Akanta_Zariya: Hajiya, ba mugunta ba ce zalla. Kowane mai shiga da lambarsa, wani wurin ma kuɗin lasisi ake biya kan kowane mutum. In yarinya ta danna kuskure, sunan wanda ya ba ta aron lamba ne zai fito.

Maman_Iman: To su daina karɓar yaran mana. Kuɗin mota kullum daga aljihuna, littafinta na SIWES kuma a rana ɗaya aka sa masa hannu duka.

Abu_Sudais: Mu namu alawus ɗin na SIWES har muka gama bautar ƙasa ba mu gan shi ba.

Malamar_Poly: Na gode duka. Baba, in ka yarda zan ba ɗalibai labarinka ba tare da suna ba. Injiniya, kwamfuta ɗaya za ta ɗauki mutum 18 a lokaci guda, ko sai an sayi babbar kwamfuta, wato saba (server)?

Ɗan_Kwari: Abu_Sudais, wace shekara ka yi naka? Mu an biya mu, amma rabi.